Mijin Dije Yana Tarabulus

Kakata Dije ta shekara sittin da takwas tana da miji, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya ga ƙeyarsa. Ni dai tun ina ƙarami nake neman aurenta, irin wasan jika da kaka, amsa ɗaya kuwa take ba ni kullum: "Tahi can, Yari. Ni da mijina."

Mijin nan nata Balaraben Tarabulus ne, falke, wanda duk Katsina ta sani da Ɗan Tarabulus. A gidan mahaifinta ya sauka a Ƙofar Durbi, don tsohon fatoma ne, yana saukar da fatake yana yi musu dillancin jar fata da gashin jimina. Baƙo ya sauka, ya ga wurin zama, ya ga 'yar mai gida, aka ɗaura aure. Shekara biyu suka yi tare. Ana cikin ta uku aka aiko masa cewa mahaifiyarsa tana kwance, ya ɗaure kaya ya bi ayari, ya ce kafin damina biyu zai dawo. Ya bar ta da cikin babana, Malam Sada. Daga ranar ko tarinsa ba a sake ji ba.

Da tafiya ta yi nisa dangi suka so su kai magana gaban alƙali a raba auren, ta ce ita ba ta kai ƙarar kowa ba. Manema suka yi ta zarya har suka gaji, suka auri wasu, suka tsufa, ta je gaisuwar mutuwar yawancinsu. Ba ta yarda a kira shi marigayi, ba ta yarda a yi masa sadakar mamaci. In wani ya yi suɓutar baki sai ta dube shi ta ce, "Kai ka ga gawa?"

Da haka muka saba, har shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Siyasa ta dawo gari da zafinta. Samarin da ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba suka wayi gari gwanayen zagi. Baba tela ne, ba ruwansa da kowa, amma ya yarda wata jam'iyya ta kafa tutarta a bakin shagonsa saboda ɗan takarar abokinsa ne tun na makarantar allo. Wata ranar Laraba bayan la'asar motar abokan hamayya ta tsaya daidai shagon da lasifika biyu a kanta. Mai magana ya gyara murya ya ce, "Ku dubi masu koya mana siyasa. Wanda ubanshi ya gudu ya bar shi cikin ciki, ko sunan uban bai sani ba."

Baba ya ci gaba da taka kekensa kamar bai ji ba. Amma lasifika ba ta san katanga ba. Dije tana tsakar gida tana tsince wake, ta ji komai. Daga ranar ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma sai matata Jummai ta yi da gaske.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗan iskan nan rabin maganarsa gaskiya ce. Ba mu san sunan ba. Mutanen gari laƙabi suka sani. Mahaifin Dije da limamin da ya ɗaura auren duk yunwar Kakalaba ta tafi da su tun Baba yana goye. A takardu Sada Katsina yake rubutawa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san sunan, ita kuwa macen da ce, irin waɗanda ba sa faɗin sunan miji ko za a yanka su.

Ni malamin Larabci ne a kwalejin horon malamai. Ana saura kwanaki a rantsar da sabuwar gwamnati sai ga takarda ta zo makaranta, ana neman malami ɗaya ya je kwas na mako uku a Tarabulus. Abokan aikina kowa ya noƙe, don kowa yana jiran a kira shi a ba shi muƙami, ba ya so kira ya zo ba ya gari. Na rubuta sunana tun kafin shugaban makaranta ya gama karanta takardar. Sau huɗu na je Kaduna a kan fasfo. A na uku wani akawu ya ce in dawo bayan sallah, na ce masa a bencin nan zan yi sallar. A na huɗu ya ba ni, ko don ya huta da ganin fuskata.

Ana gobe zan tafi na shiga ɗakin Dije da hantsi. Tana zaune a kan buzu, ta rame har zoben yatsanta yana yawo.

"Amarya, zan tahi garin kishiyana," na ce. "Ki hwaɗa mani sunanshi."

"Ba ka da kunya, Yari."

"Ni ba ni da ita. Ke ma ki aje taki ta minti guda, in na rubuta sai ki ɗauki abarki."

"Bakina bai taɓa ba, ba ko zai fara yau ba."

Na lallaɓa, na yi fushi, na sake lallaɓawa. Na ce ta raɗa wa Jummai a kunne, ta ce Jummai ai mutum ce. Na ce zan yi ta jero sunaye, in na zo kan nasa ta ɗaga yatsa. Ta yarda da wannan, na jero tun daga Abubakar har Zubairu, na bi sunayen annabawa da na sahabbai, yatsa bai motsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata za ta sa in ƙetare hamada in je ina tambayar mutane gidan wane, alhali wanen ma ban san shi ba.

"Ai ya hwaɗa mani gidan," ta ce. Ta rufe ido ta soma jerowa kamar mai tilawa. Garin yana da ganuwa ta dutse. Gidansu yana jikin ganuwar, ta wajen teku. In iska ta taso ruwa yana dukan bango, har gishiri ya kwanta a taga. Ƙofar koriya ce, da ƙarfen ƙwanƙwasawa mai siffar hannu. Da ta gama ta buɗe ido ta kama wuyan hannuna, na yi mamakin ƙarfin da ya rage mata.

"In ka iske ya yi wani amre ya zamna da ɗiyanshi, kada ka ɓoye mani. In ko kabari ne, ka taɓa shi da hannunka, kada ka yarda da an ce. Ina so in san wacece ni kahin in tahi."

Jirgi ya ɗauke mu daga Kano. Tafiyar da kakana ya yi wata shida yana yi, ni ban gama narkar da abincin rana ba muka sauka. Washegari bayan darasi na nufi tsohon gari. Na fara ganin ganuwar daga nesa, dutse a kan dutse, da wani jan gidan sarauta a kusurwarta. Na tuna tamu ta Katsina da masu gini suke yaƙuta kullum suna kwasar ƙasa a jaki, na ji kishi. Sai na zagaya na ga teku. Na daɗe a tsaye. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan gari in damina ta yi kyau, ga ruwa har inda ido ya ƙare, kuma wai duk ba ya shayuwa.

A nan kuma na fara gane cewa aiki na gabana. Teku ba ya dukan ganuwa. An cike bakinsa da ƙasa an shimfiɗa titi mai faɗi, motoci suna wucewa a inda Dije ta ce ruwa yake. Na shiga ta wata ƙofa, lunguna suka haɗiye ni, matsattsu, wasu an yi musu rufi, sama da kai shanya, ƙasa ruwan wanke-wanke. Koriyar ƙofa kuwa, rabin ƙofofin garin koraye ne. Ƙarfe mai siffar hannu, kusan kowace ƙofa da nata.

Ga Larabcina na littafi. Na tare wani mai sayar da burodi na tambaye shi hanya da cikakken i'irabi, ya saurara har na kai aya, ya ce, "Sadaƙallahul azim," 'yan kusa da shi suka kwashe da dariya. Nasu Larabcin kuma in suka sako shi, sai in kama kai in rasa wutsiya.

Duk da haka na tsara abina. Da safe darasi, bayan azahar lungu. Na fara daga kusurwar jan gidan nan ina bin jikin ganuwa gida-gida, ina yi wa kowace ƙofar da na buga alama a littafina. Yawancin masu gidajen na asali sun tashi sun koma sababbin benaye a bayan gari, sun bar wa 'yan ci-rani, mutanen Masar da Tunis da Cadi. Waɗannan ba su san komai ba. Inda na dace da tsoho ɗan gari, tambaya ɗaya ce take kashe maganar.

"Mene ne sunansa?"

"Ban sani ba."

"Sunan gidansu fa?"

"Shi ma ban sani ba."

Wani dattijo mai jar dara ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ka zo neman kakanka ba ka san sunansa ba? Wace irin ƙasa ce taku?" Ya mayar da ƙofa ya rufe. Na tsaya a lungun nan kunya ta rufe ni, na ji haushin Dije, na ji haushin duk matan da da kunyarsu. Abokin ɗakina, wani malami daga Sakkwato, ya ce in haƙura in sayi darduma da turare in koma gida kamar kowa, in ce mata ya rasu, wa zai ƙaryata ni? Na ce masa tsohuwar nan ta shekara sittin da takwas ba ta karɓi an ce ba, ba a bakina za ta fara karɓa ba. Na ɗauki littafina na fita.

A rana ta goma sha biyar ƙafata ta yi bororo, saura kwana shida mu tashi. Na bi ta kasuwar maƙeran tagulla, ƙarar guduma tana cika kunne, na faɗa wani tsohon masaukin fatake mai tsakar gida da ɗakuna sama da ƙasa. Yawancin shagunan a rufe suke. A ɗaya wani tsoho yana zaune a cikin takalma da jakunkuna, a bayansa an rataye wata tsohuwar fata ja. Na matsa na shafa ta, na sunsuna. Ban san lokacin da na ce da Hausa ba, "Wannan ai tamu ce."

"Taku ce," tsohon ya ce. "Sannu da zuwa, ɗan Hausa. Ina gajiya? Ina mutanen gida?"

Na amsa gaisuwar cikin mamaki. Sunansa Alhaji Bashir, mutumin Gadamus, a Kano aka haife shi, ya baro ta yana ɗan shekara tara. Hausarsa irin ta Dije ce, ta tsufa a bakinsa ba ta canja ba. Ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwa da wuri, na ce an daina tun kafin a haife ni, ya girgiza kai kamar an yi asara. Ya ɗora shayi. Sai da muka sha zagaye uku, na ukun da gyaɗa a cikin kofi, abin da ban taɓa gani ba duk da a cikin gyaɗa na girma, sannan ya bari na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya yi dariya har da tari. "Ku Hausawa da laƙabi. Ubana shekara talatin a Kano, Mai Jan Raƙumi suke ce masa." Ya juya kofi. "To amma mu ma haka muke. Wanda ya daɗe a ƙasarku, in ya dawo, da garin da ya zauna muke kiransa. Kai sunan da ba ka da shi kake ta nema. Ka tambayi gidan Bakatsine mana."

"Akwai shi?"

"Akwai wani gida wajen Ƙofar Teku da nake ji tsofaffi suna ce wa gidan Kashnawi, wato Bakatsine da Larabci. Ban taɓa tambayar dalili ba."

Ya rufe shago ya ɗauki sanda. Tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba muka yi rabin awa muna yi, don kowane lungu sai ya tsaya ya huta ya ba ni labarin Kano. Da muka isa na duba littafina, na ga na wuce ƙofar nan tun rana ta huɗu ban buga ba, saboda shuɗiya ce. Na sa farce na kankare gefenta, kore ya fito a ƙarƙashi.

Wanda ya buɗe mana tsoho ne dogo, Sidi Ramadan, ya kusa tamanin, 'ya'yansa sun yi sun yi ya koma bene ya ƙi. Alhaji Bashir ya yi masa bayani da irin Larabcinsu. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya matso ya kama kaina da hannu biyu, ya juya ni wajen haske, ya daɗe yana duba goshina da kunnuwana.

"Ashe kun rayu," ya ce.

A tsakar gida ya zaunar da mu, ya yi magana a hankali don in gane. Kakana ƙanen mahaifinsa ne. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya lokacin da baffan nasa ya iso daga Katsina, baƙi ƙirin saboda rana, yana santin Hausa a cikin Larabci. Ya tarar da mahaifiyarsa da rai. Bai yi mako biyu ba jiragen ruwan Italiya suka tsaya a bakin teku suka fara ruwan wuta, aka rufe hanyoyi. Bayan su annobar amai da gudawa ta shigo gari. Ita tsohuwar da aka zo dubawa ta tashi, shi da ya zo dubiya ya kwanta ranar Talata, aka binne shi ranar Alhamis. Kwanansa talatin da tara a garin.

"Ya riga ya fara sayayyar komawa," in ji Sidi Ramadan. "Ya sayi 'yar hula da 'yan warwaro, don bai san abin da za a haifa masa ba. Hular ƙanena ne ya sa ta har ta yage."

Na tambaye shi, cikin ɗacin rai, me ya hana su aika. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da wani gwangwanin alewa. A ciki akwai takarda a naɗe cikin jar fata. Ya ce sun aika. Yaƙi ya hana ta fita sai bayan shekara biyu, ta bi hannu-hannu, daga Gat zuwa Agadas, daga can wani Buzu mai raƙuma ya karɓa. Bayan wasu shekara biyu ta dawo musu ba a buɗe ba. Sun ji labarin yunwar da aka yi a ƙasar Hausa, suka ɗauka ta cinye matar da abin da ta haifa, suka yi musu addu'a.

Na karɓa. A bayan takardar an rubuta: zuwa ga iyalin Miftahu ɗan Sa'idu, a Katsina. A ƙasa da wani rubutun daban, na wani malamin Agadas: an nema, ba a sami wanda ya san shi ba.

Miftahu. Ko kwana zan yi ina jero wa Dije sunaye ba zan kawo wannan ba.

Washegari Sidi Ramadan ya kai ni maƙabarta a bayan ganuwa. Bai yi dube-dube ba, kai tsaye ya nufi wani ɗan dutse da ya karkace, rubutunsa ya kusa shafewa. Na durƙusa na bi haruffan da yatsa har na haɗa sunan. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙasar, tana da ɗumi. Na yi niyyar karanta Yasin, amma kuka ya ci ƙarfina, na tsaya a Fatiha da Ƙulhuwallahu. Tausayinsa na ji, mutumin da aka shekara sittin da takwas ana zarginsa da gudu alhali ko wata biyu bai yi a garinsu ba.

Na iso Katsina ranar Litinin bayan la'asar. Tutocin jam'iyyu sun koɗe a kan sanduna, kowa ya koma neman abinci. Baba yana zaure, ya baro shago da wuri don ya san ranar zan dawo. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can, ya tambayi ruwan sama, ya bi duk gaisuwar da ke duniya don kada ya zo kan maganar. Na ciro takardar na ajiye a gabansa na faɗa masa komai.

"Mi ka ce sunan?"

"Miftahu ɗan Sa'idu."

Ya maimaita sau biyu a hankali. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Tashi mu shiga," ya ce. "Ita ta hi ni haƙƙi."

Dije tana inda na bar ta. Ba ta yi mini wasa ba, ni ma ban yi mata ba. Jummai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka taɓa?" ta ce.

"Na taɓa da hannuna."

Ta gyaɗa kai. Na warware takardar na fara karantawa ina fassarawa. Da na zo kan sunan na tsaya, don ban taɓa jin an faɗe shi a gabanta ba. Ta ce, "Karanta abinka, kai ba mijinka ba ne." Na karanta har ƙarshe: ranar da ya kwanta, ranar da ya cika, da wasiyyarsa cewa a gaya wa matarsa ta yafe masa alƙawarin damina biyu. Sannan na ba ta labarin yadda takardar ta zo har Katsina ta koma, da Buzun da ya rasa wanda ya san sunan.

Da ta buɗe baki, Baba take kallo.

"Buzun ya zo ƙohwar gidan nan, Sada."

Ta ci gaba tana kallonsa.

"Shekarar Kakalaba, bayan mun rufe ubana da kwana kaɗan. Ina daka dusa, kana bayana. Na ji sallama a zaure, na ji wani mai gurɓatacciyar Hausa ya kira sunan. Sau ukku ya kira. Gwaggo ta leƙa ta dawo ta ce, wa ya san wani mai suna haka? Matan gida duk suka ce ba su sani ba. Ta dube ni. Ga iyaye mata, ga ƙannen ubana, tsakar gida cike. Na sadda kai na ci gaba da daka. Na ce in an watse da marece in aika a kira shi. Da marece aka ce ya ja raƙumanshi ya hita ta Ƙohwar Durbi, babu abin da za su ci a garin."

"Inna," Baba ya ce, "shekara nawa kina riƙe da wannan?"

"Kullum ina cewa wata ƙila saƙon na cewa yana tahe ne. In na ce mutuwa ce, to ni na kore ta da bakina." Ta share ido da gefen mayafi. "Kai aka zaga a lasifika, laihin ko nawa ne. Ka yahe mani."

Baba ya matsa ya zauna a gefen buzun, dattijo mai furfura, ya ɗora kansa a kafaɗarta. Duk haushin da na ƙunso tun daga lungunan Tarabulus na neme shi na rasa.

Kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka fara zuwa gaisuwar mutuwar da ta shekara sittin da takwas, har da wasu 'yan waccan jam'iyyar, suna sunkuyar da kai. Duk wanda ya ce Allah ya jiƙan Ɗan Tarabulus, sai Baba ya ce, "Miftahu sunanshi."

Da safe Dije ta kira Jummai ta ce ta warware mata kitso, ta kwashe kwalli da turare da lalle daga ɗakin, ta ciro mata tsohon zane. Takaba za ta shiga. Jummai ta zo ta same ni a ruɗe, ni kuma na je na ɗauko limamin unguwa, Malam Dabo. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata bayani da taushin murya, cewa idda daga ranar rasuwa take farawa, tata ta cika tun kafin a haifi wanda yake mata magana, babu komai a kanta.

"Na ji, Malam," ta ce. "Haramun ne in na yi?"

Malam Dabo ya ce, "Ba a ɗora maki ba dai, Dije. Ga shekaru, ga jiki ba ƙarhi."

"Ban tambaye ka jiki ba."

Ya dube ni, na dube shi, ya yi addu'a ya koma zaure. Ta miƙa wa Jummai kunne. 'Yan kunnen azurfa ne, sun daɗe har fata ta kama su, sai da aka shafa man gyaɗa aka yi ta murzawa kafin su fita. Ba ta ko yamutsa fuska ba. Da aka gama ta ce a kawo mata tuwo, ba kunu ba, a sa man shanu da yawa.

Na tsuguna a gabanta na ce, "Dije, yau kuma tuwo?"

"Wata huɗu da kwana goma ne, Yari," ta ce, ta jawo kwanon gabanta. "Sai na ci zan kai."